WASAN GOLF A BAKIN TEKU

1. Ina filin yake?

Yara, ku buɗe taswirar Turai, ku nemi tsibirin Biritaniya. Arewacin tsibirin shi ne ƙasar Ekos, wadda wasu ke kira Sikotilan. A gabashinta, a bakin Tekun Arewa, akwai wani ƙaramin gari mai suna Sant Andurus. Daga Edimbur, babban birnin ƙasar, tafiyar kilometir 80 ce a mota.

Tsakanin garin da ruwan teku akwai wani fili mai tsawo. Ƙasarsa rairayi ce, kamar jigawar da kuka sani, sai dai gajeruwar ciyawa ta lulluɓe ta. Babu inuwar itace ko ɗaya, sai tuddai da kwaruruka da kurmin ƙaya mai fure rawaya. Teku ne ya janye tun zamanin da, ya bar rairayi. Iska ta tara rairayin tudu-tudu, ciyawa ta kama shi da saiwarta. Wurin bai yi kyau da noma ba, saboda haka aka bar wa tumaki da zomaye. Su ne suka riƙa aske ciyawar da haƙoransu.

A nan mutanen garin suke wasan golf fiye da shekara 500. Suna kiran wurin Tsohon Fili.

2. Mene ne golf?

Golf wasa ne na sanda da ɗan ƙaramin ƙwallo. A Nijeriya wasu na ce masa ƙwallon lambu. Mai wasa yana bugun ƙwallo daga mafari, ya bi shi da ƙafa, ya sake bugu, har ya jefa shi cikin wani ɗan rami mai tuta. Daga nan sai ya wuce rami na gaba. Ramuka 18 ne zagaye ɗaya.

A ƙwallon ƙafa, wanda ya fi yawan ci shi ne gwani. A golf kuwa ana ƙidaya bugu ne, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci.

Ƙwallon bai kai ƙwan kaza ba. Faɗinsa ya ɗara santimetir 4 kaɗan, nauyinsa bai kai garam 46 ba. Jikinsa duk ƴan ƙananan loɓa ne, ɗaruruwa, kamar zanzana. Su ne ke taimaka masa ya keta iska. Da sumul yake, da tafiyarsa ba za ta wuce wajen rabi ba. Ramin kuwa faɗinsa milimetir 108 ne, wato bakin ƙaramin ludayi.

Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14, ba fiye ba. Akwai doguwa mai ƙaton kai, ta bugun nesa. Akwai masu kan ƙarfe, na bugun tsakiya. Akwai kuma sandar mirgine, wadda ake tura ƙwallo da ita a ƙasa idan an zo kusa da rami.

Kowane rami yana da ma'auni, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi. A Tsohon Fili, ramuka 2 ma'auninsu bugu 3 ne, ramuka 2 bugu 5, sauran 14 kuma bugu 4. Idan kun haɗa za ku sami 72.

3. Filin na wane ne?

A ƙasashe da yawa filin golf na masu kuɗi ne, da shinge da mai gadi. Tsohon Fili kuwa na jama'a ne, kuma sun daɗe suna tsaron haƙƙinsu a kansa.

A shekarar 1457 Sarki Jems na Biyu ya hana golf da ƙwallon ƙafa, don samari sun bar koyon harbin baka, ga shi ana yaƙi da Ingila. Mutane ba su bari ba. A 1502 wani sarkin, Jems na Huɗu, shi da kansa ya sayi sandunan golf. A 1552 aka rubuta takarda wadda ta tabbatar wa mutanen Sant Andurus ikon yin wasanni a filin. A da ramukan 22 ne. A 1764 aka mai da su 18, daga baya duniya duka ta bi wannan adadi.

A 1797 bashi ya kama hukumar garin, filin ya fita daga hannunta, har aka mai da shi wurin kiwon zomaye. Aka yi shekaru ana rigima tsakanin masu zomaye da masu wasa, sai a 1821 wani mai ƙasa ya saye filin ya bar wa masu wasa. A 1894 ya koma hannun garin. Tun 1974 wata hukumar amana ke kula da shi a madadin jama'a.

Wata hanya ta gari ta ratsa filin zuwa bakin teku, mutane da motoci suna bi. Ran Lahadi kuwa ba a wasa, sai in ana babbar gasa. Filin yana hutawa, iyaye da yara suna yawo a kansa.

Amma kada ku ɗauka kyauta ne. Mazauna garin suna sayen tikitin shekara da sauƙi. Baƙo kuwa yana biya da tsada: a 2024, a watannin da aka fi cika, zagaye ɗaya fam 320 ne, kusan jika 250 na kuɗinmu.

4. Mai wasan sha'awa

Masu golf iri biyu ne. Akwai ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu. Akwai masu wasan sha'awa, waɗanda ke da aikinsu dabam, suna wasa ranar hutu. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Mu ɗauka ga ɗaya daga cikinsu, ma'aikacin gidan waya ne. Ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya yi wasa sau ɗaya a Tsohon Fili. Ya zo da abokinsa, wanda ya fi shi iyawa. Masu so suna da yawa, saboda haka ana jefa ƙuri'a. Sun ba da sunayensu kwana biyu kafin ranar, kuma ƙuri'a ta faɗa kansu.

Yaya wanda bai ƙware ba zai kara da wanda ya fi shi? Golf ya yi wa wannan dabara, ana kiranta rangwame. Ana duba wasannin da mutum ya yi a baya, a ba shi adadin bugun da za a rage masa a ƙarshe. Mutuminmu rangwamensa 18 ne, abokinsa 5. Wanda rangwamensa ya wuce 36 ba a barinsa ya hau Tsohon Fili, don zai tsare wa na baya hanya.

Watan Yuni ne. A can, a wannan wata, rana na fitowa kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Duk da haka akwai sanyi, ga iska daga teku. Gabansu akwai tafiyar kilometir 6 da ɗoriya a ƙafa, wajen awa huɗu.

5. Fita

Mafarin rami na 1 yana cikin gari, gaban wani babban gini na dutse. Mutane suna tsaye suna kallo. Mutuminmu ya kafa ɗan turke a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, gabansa na faɗuwa. Hanyar tana da faɗi ƙwarai, fiye da metir 100, amma tsoron idon mutane kan sa gwani ma ya kauce. Ya ja numfashi ya buga. Ƙwallo ya tafi metir 190, ya sauka tsakiya.

Gab da ramin akwai wani siririn rafi mai suna Suwilkan. Daga nesa ba a ganinsa. Mutuminmu ya yi bugu na biyu, iska ta tare ƙwallon, ya faɗa ruwa. Doka ta ce a ƙara masa bugu ɗaya na tara, ya ajiye ƙwallo bayan rafin. Bugu na huɗu ya kai shi dandali, wato wurin da aka aske ciyawa ƙwal kewaye da rami. Ya mirgina sau biyu, ƙwallo ya shiga. Aka rubuta 6 a takardarsa.

Daga rami na 2 suka juya wa gari baya. Kurmin ƙaya yana hannun dama. Ƙwallon da ya shiga can da wuya a gan shi, kuma minti 3 kaɗai doka ta bayar na nema. In lokaci ya cika, sai a biya tara, a koma inda aka yi bugu. Shi ya sa masu ɗaukar jakar sanduna, waɗanda suka san filin kamar tafin hannunsu, kan ce wa baƙo ya riƙa karkata hagu.

A nan ne mutuminmu ya fara gane halin iskar teku. Idan ya ɗaga ƙwallo sama, sai iska ta kwashe shi gefe. Sai ya koma bugun ƙasa-ƙasa. Ƙasar rairayi tana shanye ruwan sama da sauri, tana da tauri, ƙwallo yana gudu a kanta. Amma ba ta miƙe ba. Wani lokaci ya yi bugu mai kyau, ɗan tudu ya karkatar da ƙwallon. Wani lokaci ya yi mummuna, tudu ya gyara masa. Babbar dokar golf ita ce: inda ƙwallo ya kwanta, nan za ka buge shi. Ba a tura shi da ƙafa zuwa wuri mai daɗi.

Filin siriri ne, siffarsa kamar sandar makiyayi mai lanƙwasa a kai. Ana fita ta gefe ɗaya, a komo ta ɗayan. Saboda haka dandali bakwai suna da rami biyu-biyu, ɗaya na masu fita mai farar tuta, ɗaya na masu komowa mai jar tuta. Na 2 yana tare da na 16, na 3 da na 15, na 4 da na 14, haka har na 8 da na 10. Ku haɗa kowane biyu ku ga abin da za ku samu. Dandalin na 5 da na 13 shi ya fi girma, ya kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa.

Bayan rami na 9 suka tsaya suka yi lissafi. Mutuminmu ya yi bugu 44.

6. Inda wani saurayi ya yi fushi

Abin da aka fi tsoro a Tsohon Fili shi ne tarkon rairayi. Rami ne mai zurfi, ƙasansa rairayi, bakinsa a tsaye kamar katanga. Akwai su 112. An ce tumaki ne suka fara tona wasu, suna fakewa daga iska.

Rami na 11 gajere ne, wajen metir 160, ma'auninsa 3. Bayansa bakin kogin Idin ne, gabansa tarkuna masu zurfi. A 1921 wani saurayi ɗan Amurka mai suna Bobi Jons ya zo babbar gasar Biritaniya a nan. Shekararsa 19, mai wasan sha'awa ne, ga iyawa ga zafin zuciya. A zagaye na uku wasa ya ƙi masa. A wannan rami ƙwallonsa ya faɗa tarko, ya buga ya buga bai fita ba. Sai ya ɗauke ƙwallon da hannu, ya fitar da kansa daga gasar. Abin ya dame shi har tsufansa.

Ya koma gida ya koyi danne zuciya. A 1927 ya komo Sant Andurus ya ci wannan gasa. A 1930 ya sake zuwa ya ci gasar masu wasan sha'awa. Lauya ne, duk manyan gasannin da ya ci ba don kuɗi ya yi su ba. A 1958 mutanen garin suka karrama shi suka mai da shi ɗan gari, kuma rami na 10 sunansa yake ɗauke da shi.

Mutuminmu ma ya faɗa tarko a rami na 11. Ya dubi katangar da ke tsakaninsa da tuta, ya ga ta fi ƙarfinsa. Sai ya juya ya fitar da ƙwallon ta gefe, inda bakin ya fi gajarta. Ya yi asarar bugu ɗaya, ya tsira da sauran. Kafin ya tafi ya ɗauki manjagara ya share sawunsa, don na baya kada ya tarar da rairayi a tattake. Aka rubuta 5.

7. Bugun da ba wanda ya gani

A rami na 13 ƙwallonsa ya shiga doguwar ciyawa. Abokinsa yana can nesa, ya ba shi baya. Mutuminmu ya sa kan sanda bayan ƙwallo, ya danne ciyawa, sai ƙwallon ya gusa kaɗan, bai fi faɗin yatsa ba. Doka ta ce wanda ya gusar da ƙwallonsa a irin wannan wuri ya mai da shi inda yake, ya ƙara bugu ɗaya.

A wasan yau da kullum na golf babu alƙali mai usur. Ba wanda ya gani sai shi. Ya ɗaga murya ya kira abokinsa, ya gaya masa. Maimakon 5 aka rubuta 6.

Bobi Jons ya taɓa yin haka. A 1925, a babbar gasar ƙasarsu Amurka, ƙwallonsa ya gusa cikin ciyawa, ya yanke wa kansa tara. A ƙarshe suka yi kunnen doki da wani, aka sake karawa, aka cinye shi. Da ya yi shiru, da bugu ɗayan nan ya ba shi kofi.

Ku yi tunani. Filin yana da faɗi, mutane suna warwatse, kowa da ƙwallonsa. In kowa zai rage bugu a ɓoye, lissafin ƙarshe ba shi da amfani, rangwame ma ya zama ƙarya. Wasan duka a kan amana yake tsaye.

8. Komowa gida

Yanzu sun fuskanci gari, hasumiyoyinsa suna gabansu. Rami na 14 dogo ne, ma'auninsa 5. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton tarko mai zurfin metir 3, wanda aka laƙaba wa suna Jahannama. A 1995 Jak Nikilos, ɗaya daga cikin manyan gwanayen duniya, ya faɗa ciki. Sai da ya yi bugu huɗu ya fita, ya gama ramin da 10. A 2000 kuwa Taiga Wuds ya ci gasa a nan, ya yi zagaye huɗu bai faɗa tarko ko ɗaya ba. Mutuminmu ya san ƙarfinsa. Ya kewaye ta hagu, ya yi 7. Sannu ba ta hana zuwa.

Rami na 17 shi ya fi duka wuya. Daga mafari ba a ganin inda ƙwallo zai sauka, sai an buga ta kan kusurwar wani otel. Dandalin siriri ne. Gabansa akwai ƙaramin tarko mai zurfi kamar rijiya, bayansa hanya da katangar dutse. A 1978 wani ɗan Japan, Tomi Nakajima, ya kai dandali da bugu biyu. Ya mirgina, ƙwallo ya gangara cikin tarkon. Bugu huɗu ya yi kafin ya fita, aka rubuta masa 9. Mutuminmu bai nufi tuta ba. Ya ajiye ƙwallo a gaban dandali ta dama, ya lallaɓa, ya yi 6.

A rami na 18 suka ƙetare rafin Suwilkan ta wata ƴar tsohuwar gada ta dutse. An ce makiyaya ne ke ƙetarar da dabbobinsu a kanta a zamanin da. Gaban dandali akwai wani kwari, ana ce masa Kwarin Zunubi. Mutanen gari sun jingina da shinge suna kallo. Bugu na biyu ya haye kwarin. Ya mirgina, saura metir ɗaya. Kada ku raina metir ɗayan nan: a 1970 wani ƙwararre ɗan Amurka, Dug Sandas, ya kuskure irinsa a nan, kofi ya kuɓuce masa. Mutuminmu ya tura a hankali, ƙwallo ya shiga. Bugu 4, daidai ma'auni. Ƴan kallo suka tafa.

Suka cire huluna, suka yi hannu, suka zauna lissafi. Mutuminmu ya yi 44 a fita, 48 a komowa, jimla 92. A cire rangwamensa 18, saura 74. Abokinsa ya yi 79. A cire 5, saura 74. Kunnen doki ke nan. Da bai faɗi tarar rami na 13 ba, da shi ya ci. Ya duba takardar rami bayan rami, ya ga ko'ina daidai ne, ya sa hannu.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa garin Sant Andurus yake? Wane teku ne kusa da shi?
2. Me ya sa ba a noma filin? Waɗanne dabbobi ne suka riƙa aske ciyawarsa?
3. Don me Sarki Jems na Biyu ya hana golf?
4. Me ke nuna cewa Tsohon Fili na jama'a ne?
5. Mene ne bambancin ƙwararre da mai wasan sha'awa?
6. Me Bobi Jons ya yi a 1921? Me ya yi a 1925?
7. Me ya sa mai wasa ke share rairayi kafin ya tafi?
8. Da kai ne, ko ke ce, a rami na 13, me za ka yi? Faɗi dalili.

LISSAFI

1. Ramuka 2 na bugu 3, ramuka 2 na bugu 5, ramuka 14 na bugu 4. Rubuta lissafin da ke ba da 72.
2. Dandali 7 suna da rami biyu-biyu. Ramuka nawa ne suka rage masu dandalin kansu? Faɗi lambobinsu.
3. Wani ya yi bugu 101, rangwamensa 28. Wata ta yi 85, rangwamenta 11. Wa ya ci?
4. Shekara nawa ke tsakanin 1764 da 1974?

AIKI

A filin lakwal, ku tona ƴan ramuka uku masu faɗin santimetir 11, nesa da juna. Ku sami sanda mai lanƙwasa da ƙwallon goruba. Kowa ya ƙidaya bugunsa da kansa, ya rubuta a allonsa. Mai bugu ya duba kada wani ya tsaya kusa da shi ko gabansa. In kun gama, ku cike ramukan.